Azumin da Muka Nemi Zalɓe a Rediyo

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Tun makon jiya ruwa bai bar mu mun shanya ko tsumma ba, katangar maƙwabtanmu ta zauna, kuma da safe in iska ta taso daga wajen fadama sai ta kawo wani wari na laka da ruɓaɓɓen kara. Jikokina toshe hanci suke yi. Ni kuwa ina shaƙarsa gabana ke faɗuwa, don na san warin nan. Shi muka shaƙa shekarar da azumi ya faɗo cikin damina, gulbi ya cika ya cinye hanyar jami'a, ɗana Nasiru yana can ƙetare.

An yi shekara goma sha wani abu ke nan. A gidan nan muke na Ƙofar Kware. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, yana karantar da magidanta littattafan fiƙihu a zaure, bayan asuba da bayan la'asar. Manyan 'ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, saura Nasiru da ke kwana a jami'a, sai autarmu Saudatu da ke sakandare.

Nasiru dogo ne siriri, tun bai gama sakandare ba sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Tsawon nan ne ya ja shi ga ƙwallon kwando, wasan kuma ya haɗa shi da ubansa. Wata rana wani ɗalibin Malam ya kawo labari zaure, wai ya ga ɗan Malam a fili da gajeren wando yana tsalle, 'yan mata na tafi, ana kiran la'asar ba wanda ya motsa. Malam ba mai faɗa ba ne. Ya kira shi, ya ce masa a gabana, "In na sake jin sunanka cikin wanga sha'ani, ka nemi wani zauren da za ka shiga." Magana ɗaya yake yi, kuma duk zamanmu ban taɓa ganin ya janye ta ba.

Da Nasiru ya shiga jami'a na ɗauka maganar ƙwallo ta mutu. Sai wani hutu ina juye jakarsa zan yi wanki, na ci karo da wata riga marar hannu, da lamba a bayanta. Na ɗaga ta, ya sunkuyar da kai.

"Inna, don Allah ki rufa mani asiri. Baba cewa ya yi kar shi ji sunana, to ba shi ji. Can ba mai kirana Nasiru. Zalɓe ake ce mani."

Dariya ta so kama ni, don duk wanda ya ga ƙafafunsa ba zai ce an yi masa sharri ba. Na wanke rigar, na shanya ta a ƙarƙashin zanena.

Jami'ar tana da ɗan gidan rediyonta, ɗalibai ke riƙe da shi. Ba ya kai nisa. A unguwarmu sai an ɗaura wa eriya siririyar waya an maƙala ta a kwanon rufi kafin ya fito, shi ma da shuu a bayansa. Ranar Asabar suna kawo ƙwallon ƙafa, ranar Lahadi ƙwallon kwando, kai tsaye daga fili. Mai sharhin wani ɗalibi ne, Lawali, mai magana kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ni da Saudatu mukan shige madafi da rediyon, mu rage murya, Malam na zaure da ɗalibansa. Ita ta koya mini wasan: a jefa ƙwallo ta shige wani zobe mai raga da ke can sama, in daga kusa ne maki biyu, in daga nesa ne uku. Ban taɓa ganin filin da idona ba, har yau. Abin da na sani shi ne, in Lawali ya ja numfashi ya ce, "Zalɓe! Zalɓe ya tashi sama!" to ɗana ne, yana lafiya, ya ci ya ƙoshi har yana da ƙarfin tsalle.

Azumin shekarar ya fara da sauƙi. Gari a lumshe, iska mai sanyi, ƙishirwa ba ta damun kowa. An dakatar da wasanni saboda azumi, rediyon jami'a sai tafsiri da 'yan sanarwa. Gero ya yi kai a gonaki, kowa na cewa bana an samu damina.

Azumi ya raba tsakiya ruwan ya iso. Ba ruwan samanmu kaɗai ba, wani ruwa ne ya gangaro daga gabas, ja wur, ɗauke da kara da jinkar rumbuna da matattun awaki. Da safe muka ji hayaniya a titi, yara na gudu zuwa bakin fadama. Kafin azahar labari ya cika gari: hanyar da ta ratsa fadama ta kai jami'a ta yanke, gada ta tafi, turakun lantarki sun kwanta cikin ruwa.

Da yamma Nasiru ya kira wayar Saudatu.

"Ki ce ma Inna da Baba lahiyata lau. Ana hitar da mutane cikin kwale-kwale, amma cika su ake har baki, ni ba ni shiga. Za ni jira ruwa shi lafa. Cajina ya kusa..."

Iyakar abin da muka ji ke nan. Daga nan ko an kira, sai a ce wayar a kashe take. Yanzu jikokina kowa da ɗan akwatin cajinsa a aljihu, wuta ta tafi ko ta dawo ba ruwansu. A lokacin in lantarki ya yanke, waya ta zama dutse.

Washegari aka ce wani kwale-kwale ya kife da mutane, har da ɗalibai. Malam ya ajiye karatu ya tafi bakin ruwa, yana tare duk ɗalibin da ya sauko yana tambaya. Wani ya ce ya ga Nasiru yana taya 'yan mata ɗora jakunkuna. Wani ya ce kamar ya ga ya shiga jirgi. Wani ya ce dogaye suna da yawa a jami'a, ba zai rantse ba. Malam ya dawo gab da shan ruwa, laka har gwiwa, ya zauna a kan buzunsa. Na ajiye masa kunu da ƙosai. Ya kurɓi kunun ya ture ƙwaryar.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. In na tashi girkin sahur, icen a jiƙe yake, sai hayaƙi, in yi ta fifita har idona ya yi ja kafin tuwo ya nuna. Miyar kuka kullum, don lambunan fadama duk suna ƙarƙashin ruwa. Kuɓewa da yakuwa da alayyafo sun ɓace daga kasuwa, albasa ma, a Sakkwato, sai an nema. Gari na wayewa Malam zai ɗauki sanda da lema ya nufi bakin ruwa. Mu kuma matan layi mu taru a tsakar gidanmu, don ya fi faɗi.

Mutanen ƙauyukan da ruwa ya ci an zuba su a makarantar firamare ta unguwa, mata da yara da tsofaffi, wasu da zanen jikinsu kaɗai suka fito. Kowane gida ya kawo abin da ya samu na hatsi. Injin niƙa ba wuta, sai muka koma turmi yadda muka yi muna 'yan mata. Da azumi a baki a surfa, a wanke, a daka, a tace. Tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. In rana ta ɗan leƙo sai ƙasa ta yi ta tururi, zafi mai danshi ya manne wa mutum a jiki, tufafi su ƙi bushewa, tabarmi su yi funfuna. Sauro kuwa ko da rana tsaka cizo yake. Kafin la'asar mun cika manyan tukwane da kunu, samari su ɗauka su kai makarantar.

Ina daka ina kasa kunne ga ƙofa. Duk sallamar da aka yi a zaure sai taɓaryata ta tsaya a sama.

Rediyon jami'a ya yi shiru tun ranar da hanya ta yanke, amma Saudatu ba ta daina murɗawa ba. Batir ya yi sanyi, ta riƙa ajiye shi kusa da murhu ya ɗumama. Wata la'asar ina kwashe kunu na ji ta ƙwala mini kira daga madafi. Na saki ludayi na ruga. Muryar Lawali ce, ta dishe, tana zuwa tana ɓacewa.

"Jama'ar cikin gari, in kuna jinmu, mu na, muna nan da ranmu. Man janareto kaɗan ya rage, don haka ba mu daɗewa. Kullum kahin shan ruwa za mu leƙo ku kaɗan."

Ya ce waɗanda suka rage a ƙetare suna da dama, abinci kaɗan-kaɗan ake raba shi, kuma zaman kallon ruwa ya fara taɓa kan mutane. An yi dambe a kan tukunyar shinkafa, wasu samari kuma sun ce su iyo za su yi su ƙetare. Shi ya sa malamin wasanni ya ce a fito fili a ɗan motsa, a ɗauke hankalin jama'a daga bakin ruwa. Kafin wasa aka ba ɗalibai dama su gaida gida, amma lokacin kaɗan ne, aka ce mata da 'yan nesa su fara. Muka ji wata 'yar Zuru tana kuka tana kiran uwarta. Muka ji wani yana magana da Yarbanci. Ba Nasiru.

Ranar ƙwallon ƙafa suka gwada. Filin ya zama kududdufi. Lawali ya ce an buga ƙwallo ta tsaya cak cikin laka, mai bugun ya wuce ta a kan bayansa. Muka ji dariyar mutane da yawa, dariyar masu yunwa, amma dai dariya ce. Ya ce ƙwallon ƙafa ba ta yiwuwa, gobe sai filin kwando, shi na siminti ne kuma a kan tudu yake. Rediyo ya ɗauke.

Saudatu ta kalle ni, na kalle ta. 

Washegari tun azahar hankalina na kan rediyo, har na zubar da ƙullun kunu. La'asar ta yi, muka shige madafi. Aka yi gaishe-gaishe, aka busa usur. Muka ji tsalle-tsallen ƙwallo a kan siminti, dum, dum, dum, a hankali, ba irin na da ba. Lawali ya kira wannan, ya kira wancan. Sai ya ce:

"An miƙa ma Zalɓe. Zalɓe ya juya, ya jefa... ta hwaɗi waje! Yunwa ta, jama'a. Zalɓe bai saba ɓarar da irin wagga ba."

Ban taɓa jin daɗin an ce ɗana ya kasa ba sai ranar. Na faɗi na yi sujada a kan jiƙaƙƙen daɓen madafi, Saudatu ta toshe bakinta da ɗankwali tana kuka.

Ina ɗagowa murnar ta koma ciki. Ta yaya zan gaya wa Malam?

"Inna, mu hwaɗa mai," in ji Saudatu.

"In munka hwaɗa, ya samu ɗa yau, gobe shi kore shi."

Na lissafa a raina cewa ruwa zai janye nan ba da daɗewa ba, Nasiru ya dawo da ƙafarsa, ba sai an tona komai ba. Da aka sha ruwa na matsa kusa da Malam na ce, "Malam, ka ci abinci don Allah. Jikina na ba ni yaron nan lahiya lau shike."

Bai ko ɗago ba. "Jiki ba shaida ba na. Ke dai ki yi ta addu'a."

Ruwa bai janye ba. Kullum da la'asar ina jin Zalɓe, wata rana ya ci, wata rana ya ɓarar, kullum kuma Malam na dawowa daga bakin ruwa ya fi jiya ranƙwafewa. Dama yana da hawan jini. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ya koma silifas. Sahur sai ya sha ruwa kawai ya ɗaura niyya. In na buɗe baki zan faɗa, sai in tuna fuskarsa ranar da ya yi wa Nasiru magana, bakin ya rufe.

Ranar da abin ya kai maƙura, Malam ya dawo bayan azahar, kuma ba ta hanyar fadama ya biyo ba. Ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi in mata na aiki. Matan suka ja mayafai suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ya jingina da bango, yana numfashi sama-sama.

"Asibiti nit tahi," ya ce. "Masunta sun tsamo mutane, an kai su can. Duk an zo an ɗauke su, saura wani yaro dogo." Ya dube ni. "Ruwa ya ɓata huskar. Na duba hannu, na duba ƙafa. Wallahi ban iya cewa shi na, ban iya cewa ba shi ba na. Kuma ba a iya aje shi da daɗewa. Ki shirya mu koma, ke kika haife shi."

Na durƙusa a gabansa.

"Malam, ba shi ba na. Jiya da la'asar na ji shi."

"Kin ji shi ina?"

"A rediyo."

Na faɗa masa komai, tun daga rigar nan mai lamba har zuwa sunan. Yana saurare idonsa na kan turmi. Da na gama ya ce, "Tun yaushe kinka san shina raye?" Na faɗa. Ya kawar da kai, kuma da ya ɗaga hannu ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "A ɗauko rediyon."

Saudatu ta shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ta jawo wayar eriya daga madafi. Muka zauna mu uku. Lawali ya fito, aka yi gaishe-gaishe, aka busa usur. Ya kira Ɗan Gusau, ya kira Injiniya, ya kira wani Baƙin Wake. Malam ya karkata kunne kamar mai sauraren ɗalibi na biya karatu.

"Wane na shi cikinsu?"

"Bai shigo ba tukun," na ce.

"Sauya su ake yi, Baba," in ji Saudatu. "Yanzu za a sa shi."

Aka sauya, aka sake sauyawa. Ina jin bugun ƙwallon nan a cikin ƙirjina. Lawali ya kira sunaye har ya fara maimaita su, ba Zalɓe, kuma bai ce ga dalili ba. Aka busa usur na tashi, rediyo ya koma shuu. Ladan ya kira magariba, kunu na gabanmu ba wanda ya miƙa hannu.

Malam ya ce a hankali, "Kin tabbata Zalɓen nan ɗaya na? Ba wani dogon anka laƙaba ma sunan ba?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya faɗa. Ni muryar Nasiru ban ji ba, suna kawai na ji. In kuwa shi ne, me ya hana shi fitowa yau? Ko ya gaji da jira ya shiga jirgi? Ko yana cikin masu cewa za su yi iyo? Abin da na riƙe duk kwanakin nan ya zame daga hannuna, na koma inda Malam yake tun farko.

Da gari ya waye ya aika asibiti a roƙe su su ƙara mana yini guda. Sannan ya ce in ɗauko mayafi. Ranar na fara ganin ruwan da idona. Inda na san gonakin shinkafa da lambuna, babu komai sai ruwa ja har iyakar gani, kawunan itatuwa na leƙowa, wayoyin lantarki na jan ciki a samansa. Kwalta ta tafi ta tafi ta ƙare a iska kamar an gutsure ta. Bakin ruwan cike da jama'a, iyaye da 'yan kallo da masu jiran hatsi, ga ƙarar ruwa kamar ana niƙa.

Malam ya ratsa mutane, ana ta ba shi hanya ana gaishe shi, har ya isa ga wani dattijo mai kwale-kwale da ke ɗora buhunan garin rogo zai kai ƙetare.

"Bawan Allah, in ka isa ka nemi yaron da ke magana cikin rediyo, Lawali. Ka ce mai uban Zalɓe ya aiko, shina son jin ko ɗanai na raye."

Dattijon ya kama kunne. "Uban wa, Malam?"

Malam ya ɗaga murya, shi da ko a karatu sai an matso ake jinsa. "Zalɓe! Mai ƙwallon kwando! Ka ce ubanai na, daga Ƙofar Kware!"

Mutane suka waiwayo. Akwai ɗalibansa a wurin, akwai limamin layinmu. Malam bai dubi kowa ba. Ya tsaya har jirgin ya zama ɗan ɗigo a kan ruwa, sannan muka juyo.

Ban san yinin da ya kai wannan tsawo ba. Na shiga daka, matan suka karɓe taɓaryar suka ce in zauna. Na zauna, zaman ya gagara. Bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufi na ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Muka koma ɗakin Malam da rediyon. Maƙwabciyarmu ta ciro batiran tocilarta ta aiko da su. Saudatu ta tsaya a bakin taga riƙe da wayar eriya, ruwa na dukan hannunta, tana matsar da ita nan da can. Shuu kawai. La'asar ta wuce, lokacin da suka saba fitowa ya wuce. Malam na ta jan carbi.

Ruwan ya ɗan tsagaita, sai ga muryar Lawali can ƙasa.

"...hili ya jiƙe, sai an share kahin a hwara. Amma kahin nan, saƙo ya iso mamu daga Ƙofar Kware. Baba, in kana jinmu, ka gahwarce mu, jiya mun manta ba mu yi bayani ba. Zalɓe zazzaɓi ya kayar da shi. Mun tallabo shi, ga shi nan."

Aka yi ta ƙwaramniya, kamar ana jan kujera. Sai wata murya siririya, wadda ko cikin kasuwa na ji ta zan gane.

"Assalamu alaikum. Baba... ni na, Nasiru."

Malam ya kai fuskarsa dab da rediyon har gemunsa na taɓa shi. "Wa alaikumus salam. Na'am. Ina jinka."

"Zazzaɓi na kawai, an ba ni magani, na ji sauƙi. Inna, kar ki damu. Baba..." Muna jin numfashinsa. "Baba, ka yi haƙuri."

Lawali ya karɓe maganar. Ni dai ban san lokacin da na rungume Saudatu da jiƙaƙƙen hannunta ba. Na zaci Malam zai ce a kashe rediyon tunda an samu abin da ake nema. Bai ce ba. Ya zauna aka share fili, aka busa usur, ya saurari wasan nan har ƙarshe. A tsakiya ma ya juyo ya tambayi Saudatu, "Wai mi na maki uku?" Ta yi masa bayani tana share hawaye.

Nasiru bai dawo ba sai ana gab da salla, da ruwa ya ja baya jirage suka daina cika. Ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Ya zo ƙofar zaure ya tsaya da jakarsa, ya kasa shiga, Malam na ciki da ɗalibai. Malam ya ɗago daga littafi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka shigo mana, ka tare muna haske." Maganar ƙwallo kuwa har Malam ya bar duniya bai ce ya yarda ba, bai kuma sake cewa ya hana ba.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne magaribar ranar da muka ji muryar. Da aka kira salla Malam ya sha kunu sosai, ya ci ƙosai, har ya ce a ƙaro. Ina murna ya sake, sai na ga ya ajiye ludayi.

"To wancan yaron na asibiti, ɗan wa na?"



Ya ce in buɗe akwatinsa in ɗauko farin yadin da ya sayo a Makka ya ajiye don likkafaninsa. Washegari da sassafe ya tafi da shi, da ɗalibansa biye. Su suka yi wa yaron wanka, suka suturta shi, Malam ya ja sallar, aka kai shi maƙabarta ana yayyafi. Ya dawo da hantsi, jar ƙasa a hannun rigarsa. Na kawo masa ruwa yana wanke ƙafa, na tambaye shi ko wani nasa ya zo.

"Ba kowa," ya ce. "Mai haƙan kabari ya tambaye ni ko ɗana na. Na ce mai, yau dai ɗana na."